An Auna Zafin Dabino, Wa Ya Auna Na Ɗan Dako?

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, muna shan shayi a gidan wani dattijonmu a kudancin Jidda, sai hira ta gangaro kan ma'aikata. Wani Alhaji mai harkar kargo, cikin masu tura kaya Kano da Yamai, ya ce yaransa sun fara kawo masa raini. Wai sun haɗa baki sun ce ba za su ƙara shiga kwantena tsakanin azahar da la'asar ba. Ya ce, "Aiki a rana gwamnati ta hana. Su kuwa a inuwa suke. Ina ruwan doka da wanda ke ƙarƙashin rufi?" Wasu suka gyaɗa kai, aka shiga wata maganar.

Ni kuwa ta tsaya mini a wuya. Abin da ya fi damuna, in dai takarda za a bi, Alhajin bai yi ƙarya ba. Kowace shekara, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, Ma'aikatar Ƙwadago ta Saudiyya tana hana a sa mutum aiki a ƙarƙashin rana daga ƙarfe 12 zuwa ƙarfe 3. Doka ce mai kyau, ta rage wa magina da masu aikin titi azaba. Amma rana ta ambata. Wanda ke cikin mustauda, wato babban ɗakin ajiyar kaya, mai rufin ƙarfe, ko cikin kwantenar da ta kwana biyu tana gasuwa a tashar jiragen ruwa, bai shiga lissafinta ba.

Ra'ayina ba mai tsawo ba ne. Zafin wurin aiki ya kamata a riƙa aunawa. Duk inda ya kai matakin da zai cutar da jikin mutum, a tsayar da aiki, da rufi ko babu rufi. Mu kuma Hausawa masu mustauda da shagunan kargo a Jidda da Makka da Madina da Riyad, bai dace mu jira sai an rubuta mana wannan a doka ba, tunda masu ɗaukar mana kayan nan 'ya'yan maƙwabtanmu ne na gida.

Abin da ke cikin kwantena

Kwantena mai ƙafa 40 tsawonta mita 12 ne. Ƙarfe ce zagaye, ƙofa a baya kaɗai, babu taga. An sauke ta daga jirgi, ta zauna a filin tasha ana jiran takardun kwastan, sannan tirela ta jawo ta zuwa Khumra ko wani layin mustaudoci. Idan aka buɗe, hucin da zai buge ka sai ka ja da baya. Sahun farko na kaya da sauƙi, kana bakin ƙofa, iska tana ɗan taɓa ka. Amma kaya na raguwa kai kana ƙara nutsawa ciki, har ka kai ƙuryar da iska ba ta zuwa sam. Daga can za ka ɗauko buhun shinkafa mai kilo 40 ko katan na tayil, ka tako har bakin ƙofa, ka dire a kan tabliya, wato katakon da ake jera kaya a kai, ka koma.

Zafin Jidda kuma daban yake da na Riyad, daban da na Sakkwato ko Agadas. Can busasshe ne, gumi na fitowa yana bushewa, jiki yana samun sauƙi. Nan muna bakin Bahar Maliya, iska cike take da laima. Fitar gumi kaɗai ba ta sanyaya jiki, sai gumin ya bushe ya tafi da zafin. Idan iska ta riga ta ƙoshi da ruwa, sai dai gumi ya yi ta zuba a banza, riga ta jiƙe sharkaf, can ciki kuwa zafi yana ta hawa. Zuciya ta shiga aiki biyu, tana tura jini ga tsokar da ke ɗaukar kaya, tana tura wani zuwa fata don a fitar da zafi. Ruwan jiki yana raguwa, ƙoda tana tacewa da ƙyar.

Da farko ɗaurewar jijiya ce a ƙafa, sai jiri, sai ciwon kai da tashin zuciya, fitsari ya ragu ya yi duhu. In zafin cikin jiki ya haura digiri 40, mutum ya fara surutai marasa kan gado ko ya yanke jiki ya faɗi, to maganar rai ake yi. Wannan mai faɗuwar kowa ya gan shi. Wanda ba a gani shi ne mai ƙodar da ke lalacewa a hankali, bazara bayan bazara. Likitoci a ƙasar Nefal sun daɗe suna karɓar samari da suka dawo daga aiki a ƙasashen Larabawa da ciwon ƙoda tun suna da ƙuruciya. An ga irin wannan cikin masu saran rake a Nikaraguwa da El Salbado, masu aiki mai nauyi cikin zafi ba tare da isasshen ruwa da hutu ba. Namu ba mai ƙirga su, domin kafin ciwon ya bayyana sun koma Kano ko Damagaram, can iyali za su yi ta zaryar wankin ƙoda.

A watan Yuni na 2010 zafin Jidda ya taɓa digiri 52. A aikin Hajjin 2024 an auna 51.8 a Makka, hukumomi suka ce mutum 1,301 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Tafiya suke yi, babu buhu a kafaɗar ko ɗaya daga cikinsu.

To, a wannan layin mustaudocin da ɗan dako ke jiƙewa, kajin da aka shigo da su daga Burazil suna ɗakin da aka ƙulle a digiri 18 ƙasa da sifili. Wasu magunguna ba a yarda su fita daga tsakanin digiri 2 zuwa 8 ba. Dabino da cakulan suna da ɗakinsu na sanyi. Akwai na'urar da ke rubuta zafin ɗakin dare da rana, hukumar abinci da magunguna tana iya zuwa ta duba, in kaya suka lalace kuma akwai inshora. Ke nan ma'aunin yana nan, masu iya karanta shi suna nan, duk a gini ɗaya. Mutumin da ya ɗauko katan ɗin ya shigar da shi ɗakin sanyin, shi kaɗai ne ba a rataya wa ma'auni ba.

Ba sabon abu nake nema ba. Maƙwabciyarmu Ƙatar tun 2021 ta faɗaɗa nata hanin, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3 da rabi, daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. Ta kuma ƙara sharaɗin da ya fi wannan muhimmanci. Akwai wani ma'auni da ke haɗa zafi da laima da motsin iska da hucin rana ya ba da lamba ɗaya. Duk lokacin da ya haura 32.1 a wurin aiki, aiki ya tsaya, ko ƙarfe nawa ne. Irin wannan ya kamata a yi a nan, a kuma fayyace cewa ya shafi cikin mustauda da cikin kwantena da bayan mota.

"Mu ma haka muka yi"

Wannan ita ce amsar farko da dattawanmu suke bayarwa, kuma ba na raina ta. Gaskiya ne sun yi. Da kafaɗarsu aka sauke kayan kasuwannin Bab Sharif da Bab Makka na Jidda, da ita suka gina gidaje a Fagge da Maraɗi, suka aurar da ƙanne. Amma ina roƙon a dubi yadda da yawansu suke sallah yau, a kan kujera, baya ya ƙi lanƙwasuwa, gwiwa ta ƙi ɗauka. Sun biya kuɗin wannan aikin da jikinsu. Ba abin da za a gadar wa yaro ba ne.

Sannan aikin ma ba shi ne na da ba. A wancan zamanin gari kansa yana hutawa. Da an kira sallah kasuwa ta rufe, da azahar ta yi kowa ya nemi inuwa sai la'asar. Ɗan dako yana samun hutu sau da yawa a rana ba tare da ya roƙi kowa ba, domin mai shagon ma ya ja ƙofa. Daga farkon 2020 aka ba da izinin kasuwanci na awa 24, a 2021 kuma aka sassauta rufe shaguna lokacin sallah. Sayayya ta koma waya. Mutum yana kwance a ɗakinsa ƙarfe biyun dare zai danna, yana sa ran kaya su iso kafin azahar. A manyan mustaudoci an ba ma'aikaci na'ura a hannu tana ƙirga kaya nawa ya ɗauko a awa, mushrif, wato mai sa ido kan ma'aikata, yana kallon lambar a allo. Idan rangwamen watan Nuwamba ya zo, ko jajiberin azumi, ko lokacin da alhazai ke tura tsaraba, lambar da ake nema sai ta ninka. Hutun da al'adar gari take bayarwa kyauta ya tafi, ba a maye gurbinsa da komai ba sai rabin awar da doka ta ce a ba mutum bayan awa 5 a jere. Rabin awa bayan awa 5 zai iya isar mai zama a ofis. Mai ɗaukar buhu a watan Agusta yana bukatar ya tsaya ya sha ruwa kowane minti 15 zuwa 20, ya kuma fita ya sha iska a kowace awa.

"Ka san abin da muke biya?"

Na sani. Mai kamfani yana biyan gwamnati riyal 700 ko 800 a wata kan ma'aikaci baƙo, ban da sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, ban da inshorar lafiya, ban da hayar mustauda da ke hawa. Kwantena kuma tana da kwanakin da aka ba ka kyauta, in suka wuce ba ka mayar da ita ba, tara ce kullum. Direban tirela yana tsaye yana duba agogo. Wannan matsin na gaske ne, shi ne ma ainihin dalilin da ya sa ake tura mutane ciki da tsakar rana.

Amma mu duba abin da ake nema. Ruwan sanyi a kusa da bakin kwantena, wanda ba sai an nemi izini ba. Babbar fanka guda biyu, ɗaya tana hura iska ciki. A buɗe ƙofar a bar ta ta huce kafin kowa ya shiga. Keken jan tabliya, don kada abin da taya za ta iya ja ya hau bayan mutum. Masana lafiyar ma'aikata a Amurka sun ƙiyasta cewa ko a yanayi mafi dacewa, kilo 23 ne iyakar abin da ya kamata mutum ya riƙa ɗagawa shi kaɗai a kai a kai, mu kuwa buhun kilo 40 da 50 muke ɗora wa yaro ɗaya. Sai sauya lokaci, a yi sauke da lodi daga bayan asuba zuwa hantsi, a dawo bayan la'asar sakaliya. Sabon zuwa kuma a bi shi a hankali mako ɗaya zuwa biyu kafin jikinsa ya saba, domin sababbi su suka fi faɗuwa. A cikin waɗannan duka ban ga wanda zai karya jarin kowa ba. Yawancinsu tsari ne kawai, a kira direban tun jiya a ce masa ya iso da asuba.

Akwai kuma lissafin da masu kuɗinmu ba sa yi, don ba daga aljihunsu yake fita ba. Idan yaro ya faɗi, ko ƙugunsa ya goce, ko katan ya murƙushe masa ƙafa, wa yake biya? Mu ne. Takarda ce za ta zagaya bayan sallar isha'i, a tura saƙo a WhatsApp na 'yan gari, kowa ya kawo riyal hamsin, ɗari, a haɗa kuɗin asibiti ko na tikitin komawa gida. Sau da yawa mai mustaudan ma zai sa nasa a ciki, a yi masa godiya a matsayin mai taimako. Alhali wannan kuɗin tun farko nasa ne ya biya gaba ɗaya. Riba ta tafi gida ɗaya, asara an raba wa jama'a. Wannan bai yi mini daidai ba, kuma ina ganin lokaci ya yi da za mu riƙa tambaya, kafin mu sa hannu a aljihu, a ina ya ji ciwon, wa yake yi wa aiki.

"Ai shi ya yarda"

Za a ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba wanda ya ɗaure shi ya kawo shi, kuma abin da yake samu a nan ya fi na gida nesa ba kusa ba.

Yarda tana da sharaɗi. Saurayin da aka sayar da gonar gado aka biya wa eja, ya sauka da bashi a wuyansa, aka ce masa aikin kanti ne ya tarar da dako, ba yarda ya yi ba, rasa mafita ya yi. Dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta ɗora kuɗin ɗauko ma'aikaci da na iƙamarsa da lasisin aikinsa a kan mai ɗaukar aiki, ta kuma hana riƙe masa fasfo. Duk da haka mun san yadda ake yi.

Abin bai tsaya kan ƙananan 'yan kasuwa ba. A watan Oktoba na 2023 ƙungiyar Amnesty ta fitar da rahoto kan 'yan Nefal da ke aiki a mustaudocin Amazon a Saudiyya. Ba Amazon ce ta ɗauke su kai tsaye ba, kamfanonin hayar ma'aikata ne, bayan sun biya ejoji kuɗi masu yawa a gida. A Fabrairun 2024 Amazon ta sanar cewa ta mayar wa ma'aikata sama da 700 kuɗin da ya kai dala miliyan 1.9. Abin lura a nan shi ne tsarin. Rigar da mutum ya sa ta kamfani ɗaya ce, sunan da ke kan iƙamarsa na wani ne, wanda ya kawo shi kuma na uku ne yana can wata ƙasa. Ranar da ya ji ciwo kowa zai nuna ɗan'uwansa. A ganina wanda kayansa ake ɗauka, a ƙarƙashin rufinsa, shi ne ya kamata a fara kamawa, daga baya su je su sasanta da mai hayar.

An samu gyara, ba zan ɓoye ba. Tun 14 ga Maris 2021 ma'aikacin kamfani yana iya sauya wurin aiki bayan shekara ɗaya ba sai kafili, wato uban gidan da sunansa ke kan iƙamarsa, ya yarda ba, ko kafin haka in an yi wata uku a jere ba a biya shi ba. Albashi ana son ya bi ta banki don a gani. Akwai kotunan ƙwadago tun 2018. Amma baƙo ba shi da mafi ƙarancin albashi a doka, babu ƙungiyar ƙwadago, babu yajin aiki. Mutumin da ba shi da bakin magana tare da 'yan'uwansa, in ya yi shiru ba za a ce ya yarda ba.

Wanda ba shi da takarda

Nan ne maganar ta fi nauyi, nan ne kuma ta fi shafarmu. Da yawa cikin masu yi wa shagunan kargonmu lodi ba su da iƙama, ko suna da ita amma sunan wani kafili ne da ba su taɓa yi wa aiki ba. Wasu a nan aka haife su, iyayensu ma a nan. Irin wannan ba zai je maktabul amal, wato ofishin ƙwadago, ba, ba zai kira lambar kai ƙara ba, asibiti ma sai ciwo ya ci ƙarfinsa, don yana tsoron daga can sai Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a mayar gida. Rusau ɗin da aka yi daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 ya tashi unguwannin Sabil da Karantina da Gulail da Kandara a Jidda, ya watsa mutanenmu zuwa gefen gari, haya ta yi tsada, hanyar zuwa aiki ta yi nisa. Duk wanda ya ba shi aikin yini zai karɓa, ko da wane sharaɗi ne.

Ba ina ƙarfafa wa kowa karya dokar zama ba, shi ma mai ɗaukarsa aiki ya san laifi ne a kansa. Abin da nake cewa shi ne, in ka riga ka ɗauke shi, rashin takardarsa bai rage masa haƙƙi a wurin Allah ba, bai kuma ƙara wa ƙodarsa ƙarfi ba. Sanin cewa ba zai iya kai ka ƙara ba ya kamata ya ƙara maka tsoro. A hadisin da Bukhari ya ruwaito, Allah Ya ce mutum uku Shi ne abokin shari'arsu ranar alƙiyama, cikinsu har da wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago ya karɓi aikinsa cikakke bai biya shi ladansa ba. A hadisin Abu Zarri, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce na ƙarƙashinmu 'yan'uwanmu ne, kada mu ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in mun ɗora musu to mu taimake su.

Akwai wani hadisin da na fi son masu mustauda su tsaya a kansa. Annabi ya yi umarni cewa idan zafi ya tsananta a jinkirta sallar azahar har gari ya yi sanyi. A ƙarƙashin wannan ranar da muke ciki aka faɗi wannan. Sallah ce fa, raka'a huɗu, aka ce a dakata da ita saboda tausayin jikin masallata. Ban san da wace fuska mutum zai ce sallah tana iya jira amma kwantenarsa ba za ta iya ba.

Ku ma, samari

Ƙannena masu wannan aiki, akwai naku. Biyan da ake yi a kan kwantena maimakon a kan yini shi yake sa ku tsere da junanku. Mutum huɗu su karɓi aikin mutum shida don rabo ya yi kauri, su ƙi tsayawa don su kama ta biyu kafin magariba. Wani ya ƙi shan ruwa don kada ya riƙa zuwa banɗaki. Wani ya karya da lemon ƙara kuzari, ya haɗiye maganin ciwon jiki biyu kafin ya fara, biyu bayan ya gama. Magungunan kashe zafin ciwo irin su ibuprofen da diclofenac, in aka sha su a kan jikin da ruwa ya ƙare masa, ƙoda suke bugu kai tsaye. Tramadol kuwa, ban da abin da yake yi wa jiki, a ƙasar nan riƙe shi ba da takardar likita ba kurkuku ne.

Idan ɗaya daga cikinku ya fara magana ba daidai ba ko ya faɗi, kada a tsaya tofi da fifita kaɗai. A fitar da shi inuwa, a cire masa riga, a kwarara masa ruwan sanyi a jiki duka, a sa ƙanƙara a wuya da hammata, a kira motar asibiti a 997 nan take.

Mai iƙama kuma ya san abin da doka ta ba shi. Awa 8 a rana, 48 a mako. A watan azumi awa 6 ga Musulmi. Abin da ya haura haka aikin ƙari ne, ana biyan kuɗin awa a ƙara rabin na asalin albashi a kai. Hutun rashin lafiya kwana 30 na farko da cikakken albashi. Mai kamfani yana biyan kashi 2 cikin ɗari na albashinka ga hukumar ta'aminat, wato inshorar ma'aikata, saboda haɗarin aiki, wannan ya haɗa da baƙi, shi ne zai biya magani da diyya in ka ji rauni. Sai dai dole ka sanar da mai aikin cikin kwana 7, don haka kada a lallashe ka da "bari mu gani zuwa mako mai zuwa". Ka buɗe Qiwa, manhajar Ma'aikatar Ƙwadago, ka karanta kwantiraginka, ka ajiye hotonsa a waya. Lambar ma'aikatar 19911 ce. Limamanmu da shugabannin ƙungiyoyin 'yan gari za su yi babban aiki in suka riƙa maimaita waɗannan da Hausa a wuraren taro, domin da yawa ba sa karanta Larabci.

Iyaye da mata da ke gida, ku ma kalma ɗaya. Yawancin aikin ƙarin da yaron nan yake karɓa da tsakar rana, saƙonku yake ƙoƙarin cikawa. Hoton da ya turo a harami da farar jallabiya na ranar Juma'a ne, sauran kwana shidan ba ya ɗaukar hoto. In kun kira, ku tambaye shi ƙarfe nawa yake aiki, awa nawa yake barci, su nawa ne a ɗaki, na'urar sanyin ɗakin tana aiki ko ta mutu. Jikin da bai huce da dare ba shi ne yake faɗuwa da rana.

Mustaudoci ƙaruwa za su yi. A 2021 aka ƙaddamar da tsarin ƙasa na sufuri da jigilar kaya, a 2023 aka sanar da shirin cibiyoyin jigila 59 kafin 2030. Ga baje kolin duniya na Riyad a 2030, ga gasar cin kofin duniya a 2034. Kowace cibiya mutane za ta ɗiba, kuma namu suna cikin masu zuwa. Gara a sa ma'aunin zafi cikin sharuɗɗan lasisin mustauda tun ana zuba tubali, kamar yadda aka sa na'urar kashe gobara.

Kafin nan, akwai abin da ke hannun masu ba da kaya. Hajiyoyinmu masu saro abaya da turare da dabino, da alhazai masu tura tsaraba, da mu mazauna da ke aika firji da katifa gida, duk muna tambayar mai kargo abu biyu: nawa ne kilo, yaushe zai isa Kano. Mu ƙara ta uku, ƙarfe nawa ake lodi. Shagunan nan a jere suke, suna kishin juna a kan kowane kwastoma, in suka ji tambayar nan daga bakin mutum goma za su gyara tun kafin wani mufattishi, wato jami'in bincike, ya zo. Wanda ya ce mini da asuba yake lodi kuma akwai ruwa da fanka a bakin kwantenarsa, shi zan kai wa kayana, ko da ya ɗan ɗara maƙwabcinsa a kuɗin kilo.